Jawabi A Kan Sito Da Dakon Kaya, Da Abin Da Tashar Ƙauran Namoda Ta Koyar

 

In an tashi tuna ma'aikatan En'e a kan ambaci alƙali da ma'aji da malamin makaranta da malamin asibiti. Malamin sito kuwa sai a manta da shi, domin aikinsa a bayan ofis ya ke, cikin ƙura, tsakanin buhuna. Alhali kuwa tun sa'ad da aka kafa Baitulmali a ƙasashen Arewa, wajen 1911, dukiyar jama'a kashi biyu ce. Akwai wadda ke cikin akwatin ma'aji, a kan ƙidaya ta har kwabo da anini. Akwai kuma wadda ta riga ta zama kaya, watau hatsi da iri da siminti da kwano da magani. Sule ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa. Amma buhun gero tun ran da aka aje shi ya fara raguwa. Saboda haka tsaron kaya ya fi tsaron kuɗi wuya.

Mutanen ƙasan nan sun ga misalin wannan da idonsu, a kan gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. Turawa sun yi tsammanin auduga za a ɗora masa, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, gama Turai na neman ta domin mai da sabulu. Kafin jirgi abin da a ke fitarwa daga Nijeriya bai taka kara ya karya ba, amma cikin 1913 sai da aka fitar da fiye da tan 19,000. Jirgi ya kāsa kwashewa, buhuna suka cika filin tasha har suka tare hanyoyi. Daga baya aka ja wata hanya daga Zariya, ta bi Funtuwa da Gusau, ta iso Ƙauran Namoda cikin 1929, nan ta tsaya ba ta wuce ba. Garin da Namoda ya kafa domin yaƙi sai ya zama bakin kasuwar duniya. Da kaka ta yi, sai jakai da raƙuma da takarkarai su yi ta kwararowa daga Dauran da Zurmi da Shinkafi da Isa, da mangala da taiki, a auna a sikelin kanti, a ɗura a buhu, a ɗinke, a jibge a jira tarago. Daga nan zuwa bakin teku a Ikko tafiya ce ta fiye da mil 700, a kan hanya guda tak.

To, ga inda wahalar ta ke. Gyaɗa cikin wata uku ko huɗu ta ke shigowa, jirgi kuwa shekara ya ke yi yana kwasa kaɗan kaɗan. Abin da ya rage tsakanin shigowa da fita shi ne aikin sito. A Kano aka yi dabarar dalar gyaɗa, wadda a ke danganta ta da Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955. A kan share fili a kan tudu, a jera buhuna, ko wane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, leburori na hawa da buhu a ka har a kai tsini. Dala guda ta kan ɗauki har buhu 15,000. In damina ta kusa sai a lulluɓe ta da tamfol, ruwa ya gangare. Dabara ce mai kyau ƙwarai, ba katanga, ba jinka, ga ta kuma da sauƙin ƙidaya.

Amma sai a lura. Baƙi sun ɗauki hoton dala sun ce ga arzikin Arewa, kuma gaskiya ne. Mai sito kuwa in ya dube ta abin da ya ke gani shi ne kayan da ba su sami hanya ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, kawunan jirgi suka tsufa, ba a sami sababbi ba. Bayan yaƙi Ingila na kukan rashin mai, ga gyaɗa kuwa jibge a Kano, wata ta kwana shekara, wata ta fi. Sai wani ɗan ƙwaro ya shige ta, wanda tsutsarsa kan ɓuya cikin ɗinkin buhu da tsagar bango ta daɗe ba ta ci kome ba, ba ta kuwa mutu ba. Aka yi hasara mai yawa. Cikin 1948 aka kafa ofishin binciken ajiyar amfanin gona na Afirka ta Yamma, aka shiga tura hayaƙin guba ƙarƙashin tamfol. Cikin 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa. Duk wannan bai hana gaskiyar magana fita ba, watau kaya in sun daɗe a wuri ɗaya sai sun sami mai ci. Sito zango ne. Kyansa shi ne baƙon da ya sauka ya tashi lafiya a kan lokaci, wani ya sami wuri.

Wanda ya riƙe wannan, sauran ƙa'idodi ba za su ba shi wuya ba. Da ma kakanni sun san rabinsu. Mai gina rufewa a Dauran ba ya aza ta a ƙasa, sai a kan duwatsu, domin sanyin ƙasa da gara da ɓera. Ya kan yi mata hula ta ciyawa, ba ya zuba hatsi sai ya bushe, ba ya kuwa zuba sabo a kan tsoho sai ya share. Sito rufewa ce da ta girma, sai dai ita ta mutum ɗaya ce, shi kuwa na jama'a ne, hannuwa da yawa ke shigarsa.

Abu na fari shi ne wuri. A gina sito a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, kusa da hanyar da mota za ta iya bi da damina, a bar fili inda za ta juya ba sai ta yi ta ja da baya ba. In da hali a ɗaga daɓe ya yi daidai da bayan mota, domin ɗan dako ya taka ya wuce, ba hawa ba sauka. A yi ƙofa biyu, ta shiga da ta fita. Siton da ke da ƙofa ɗaya, abin da ya fara shiga shi ke komawa ƙurya, sabo ya tare shi, ba a kuma waiwayarsa sai ranar da wari ya tona shi.

Na biyu shi ne jeri. Kada buhu ya taɓa ƙasa, a shimfiɗa katako tukuna. Kada ya jingina da bango, a bar kamar yadi ɗaya, yadda mutum zai kewaya da fitila ya duba. Kada ya kai ga kwano, gama zafi da raɓa a can su ke. A riƙa saɓa buhuna kamar yadda magini ke saɓa tubali, domin kada tuli ya rushe a kan mutum. Ko wane hawa kuma adadinsa ya zama ɗaya. Motar tan 30 buhu 600 ta ke ɗauka in ko wane kilo 50 ne. In an yi hawa 10, ko wane buhu 60, ko yaro ya zo ya ƙidaya kafin a sha ruwa. Amma in an watsa su yadda aka ga dama, sai an kwashe duka kafin a san adadi, ɓarawo kuwa ba abin da ya ke so kamar tulin da ba ya ƙidayuwa. A raba kaya kuma iri iri. Takin zamani da kananzir da maganin ƙwari ba su kwana ɗaki ɗaya da abinci.

Na uku shi ne bushewa. Cikin 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Birazil, fumfuna ta kama ta, fumfunar kuwa tana da wata guba mai lalata hanta, ta dabba da ta mutum. Tun daga nan masu sayen gyaɗa a Turai suka tsananta bincike. Damshi ke kawo ta. Saboda haka a duba kaya a bakin ƙofa tun ba su shiga ba. Masana sun ce ɓararriyar gyaɗa kada ruwan jikinta ya wuce kashi 7 ko 8 cikin 100, hatsi kuwa 12 ko 13. Wanda ba shi da ma'auni yana da haƙori, ƙwayar da ta bushe ƙaras ta ke yi. Abin da bai bushe ba a mai da shi rana, ko na wane ne.

Na huɗu shi ne dako. Kada a raina tafiyar ɗan dako. In an aje tuli ya fi inda ya kamata nisa da taku 20, zuwa da komowa taku 40 ke nan, a buhu 600 ya zama taku 24,000 na banza, mota na tsaye, direba na lissafin kwana. Abin da a ke yawan fitarwa a aje shi kusa da ƙofa, mai nauyi a ƙasa. Ko wane ɗauka da saukewa yana rage wa buhu kwana, saboda haka a san inda zai zauna tun yana kan mota. A hana ƙugiya, gama hudar da ta yi ba ta ɗinkuwa. Inda baro zai yi, kada a sa wuya. A gyara katakon hawa, a kawo ruwan sha, a biya lebura tun guminsa bai bushe ba. Wanda aka ci wa haƙƙi a sikeli ya kan rama a bakin buhu.

Na biyar shi ne rubutu. Ko wane tuli a rataya masa kati, a rubuta ranar shigowa da adadi da inda ya fito, abin da aka ɗiba kuma a rubuta nan take. Wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Kome ƙanƙantar abu kada ya fita sai da takarda mai sa hannu, ko da babban mutum ne ya aiko da baki. Takardan nan ita ce garkuwar malamin sito ranar da aka zo bincike, gama wanda ya aiko da baki ba ya tunawa. Ƙarshen ko wane wata wani wanda ba shi ke riƙe da mabuɗi ba ya zo ya ƙidaya, a gwada da littafi. A riƙa gwada sikeli kuma da dutsen da aka san nauyinsa. Wannan ba zargi ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mutumin kirki kuwa ba ya ƙin a toshe tsaga.

Zamanin gyaɗa ya wuce. Farin da aka yi a 1972 zuwa 1974 ya raunana ta, cutar da ta faɗa mata cikin 1975 ta ƙarasa, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, aka rushe hukumomin ciniki cikin 1986. En'e ita ma ta ba ƙananan hukumomi wuri cikin 1976, aka yanki Jihar Zamfara daga Sakkwato cikin 1996. Amma sito bai mutu ba. Takin zamani da iri da hatsin agaji duk ta nan su ke bi. An kuwa sami sababbin dabaru, kamar buhu mai riɓi uku wanda ba ya barin iska ta shiga, ƙwaron wake ya mutu a ciki ba da magani ba. Ƙwayar hayaƙi da a ke sa wa hatsi kuwa guba ce mai kisa, ba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana, ba a kuwa ba wanda bai koya ba.

Yau nauyin ma ya fi na da. Cikin shekarun nan ɓarayin daji sun hana manoma da yawa na Zurmi da Shinkafi zuwa gonakinsu, ƙauyuka sun watse, mata da yara sun taru a manyan garuruwa. Buhun da ya ruɓe a ƙurya, ko takin da ya iso bayan shuka ta wuce, tuwon wani gida ne da ba a tuƙa ba. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. Ranar kuwa ta zo, ana buɗe ƙofa za a san ko malamin sito ya yi aikinsa.

Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya ba na ƙasa da su gaskiya da haƙuri, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya ba da damina mai albarka. Amin. Haza wasalam.