Wutar Lantarki: Ina Gasar Take?

Yau batun wutar lantarki ne, da gasar da aka ce za ta gyara ta.

A 2005 aka yi dokar da ta rusa NEPA, hukumar wutar lantarki ta Najeriya. A 2013 gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa kamfanonin samar da wuta da na rarrabawa, ta riƙe manyan layuka a hannunta. Aka ce gasa ta zo.

To, ina gasar take? Mai walda a Kano ba shi da zaɓi. Kamfani ɗaya ne ke kawo masa wuta, haka ɗan'uwansa na Katsina. In aka ɗauke, sai ya ja igiyar janareta, hayaƙi ya turnuƙe shago, kuɗin mai ya cinye ribar ranar.

Amma an fara ganin sauyi. Dokar 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu, Enugu na cikin na farko. A kasuwar Sabon Gari ta Kano kuwa, wasu shaguna sun fara sayen wutar sola daga kamfani mai zaman kansa. Gwamnoninmu na Arewa, ƙofa a buɗe take, ku shiga.