Elmina: kifi da tsaron gida

A garin masunta irin Elmina da ke gaɓar tekun Ghana, kifi ne ke tsara lokacin da gida ke da mutane da lokacin da yake wayam. Maza su tura kwalekwale cikin dare, mata su yi sammako zuwa bakin ruwa ko wurin bandar kifi, a bar ƙofa da ɗan kwaɗo. Ɓarawon irin wannan gari injin kwalekwale yake hari, da koma, da wayar da aka bari tana caji kusa da taga. Injin nan kuwa sau da yawa shi ne jarin iyali kacokan.

Wasu za su ce ai ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa. To amma Elmina ba ta rabo da baƙi, daga masu ziyartar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482 zuwa masu sarin kifi. Sanin junan ma shi ke hana kai ƙara, don ba mai son tona asirin ɗan maƙwabci, saboda haka abin da ke littafin 'yan sanda bai kai abin da ke faruwa ba. Katanga mai tsawo ba kowa ke da kuɗinta ba, kuma ba ta kare injin da ya kwana a bakin ruwa. Ɗakin ajiya guda mai maigadi, fitila a lunguna, da sintirin da ke bin lokutan fita, sun fi dacewa da aljihun masunci.