RUBUTACCEN SHIRIN WANNAN MAKON: Kafin ka sayi ƙwallon fetanki, duba hannunka, duba filinka

 Kamar kullum, ga rubutun shirin saboda waɗanda data ba ta isa su saurari murya ba.

Yau muna bakin iyaka ne, Jibiya. Duk wanda ya saba bin hanyar nan, ya wuce Magama ya shiga Ɗan Isa har ya kai Maraɗi, zai yi wuya bai taɓa ganin mutane da yamma sun yi da'ira a ƙasa suna jefa ƙwallayen ƙarfe ba. Wasan fetanki ke nan, wasu su ce bul. Ɗan uwan bolin ne da kuke gani a talabijin, sai dai shi bolin sai an gina zaure da daɓen katako mai santsi, shi kuwa wannan ko gindin bedi ya wadatar.

An faro shi a garin La Siyota, kusa da Marsai a kudancin Faransa, wajen shekarar 1907, ya shigo ƙasashen da Faransa ta mulka. A Satumban 2023 ma a Kwatano aka yi gasar duniya. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: a jefa ɗan ƙaramin ƙwallon katako nisan mita 6 zuwa 10, kowa ya yi ƙoƙarin kusantar da nasa ƙarfen gare shi. Ɓangaren da ya fara kai maki 13 ya ci.

To, me ya sa muka ɗauko zancen? Saboda kuɗi. Ƙwallayen gasa uku-uku ake sayar da su, kuma ga wanda ke riƙe da naira, sai ya canza zuwa sefa tukuna, kowa kuwa ya san yadda canjin nan yake cizo. Kuma ba kullum hanya take a buɗe ba, kun tuna an rufe iyakar nan a Agustan 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Idan ka sayo wanda bai dace da kai ba, mayar da shi ba ƙaramin aiki ba ne. Magana ɗaya nake so ku riƙe: ba ƙwallon da ya fi kowane, sai dai wanda ya yi daidai da hannunka, da aikinka a cikin wasa, da ƙasar da kake wasa a kai.

NA FARKO: HANNUNKA

Dokar gasa ta ce faɗin ƙwallo ya kasance tsakanin milimita 70.5 zuwa 80, nauyinsa kuma giram 650 zuwa 800. Mutum zai ce ai bambancin ba shi da yawa. Wallahi a hannu yana da yawa. Ita jifa a fetanki, bayan hannu ne ke kallon sama, ƙwallon na ƙarƙashin tafi. Saboda haka ka ɗauke shi haka nan, ka saki hannu ya yi lilo. In sai ka matse da ƙarfi kafin ya zauna, ya yi maka girma, zai suɓuce kafin lokaci. In yatsunka sun lulluɓe shi har ya ƙi fita, ya yi ƙanƙanta, zai maƙale ya tashi sama. Wanda ya dace shi ne wanda yatsu suka rufe ɗan abin da ya wuce rabinsa, babban yatsa na hutawa. Kada ka ce wane gwani ne, bari in sayi irin nasa. Takalmin wani ba ya yi maka tafiya.

NA BIYU: MENE NE AIKINKA?

A ƙungiya akwai mai ajiya, akwai mai harbi, akwai na tsakiya.

Mai ajiya shi ne ke kai ƙwallo kusa da ɗan katakon. Burinsa ƙwallonsa ya tsaya inda ya sa shi, kuma ya yi wa abokin hamayya wuyar bugewa. Shi ya sa masu ajiya suka fi son ƙarami, kamar milimita 71 zuwa 73, mai ɗan nauyi, giram 710 zuwa 730. Ƙarami ya fi wuyar samu, mai nauyi kuma tsakuwa ba ta saurin karkatar da shi. Sannan ya zama mai tauri, don shi ne mai shan duka duk yini. In da zane-zanen layi a jikinsa ya fi, suna taimaka masa ya kama ƙasa.

Mai harbi kuwa akasin haka. Shi aikinsa ya fitar da ƙwallon abokin hamayya, in Allah ya taimake shi nasa ya zauna a gurbin. Faransawa na kiran wannan bugu karo, kun ga sunan ma kamar da Hausa aka raɗa shi. Yana son mai ɗan faɗi gwargwadon hannunsa, marar nauyi sosai, kamar giram 680 zuwa 700, don kada kafaɗa ta gaji, kuma mai sulɓi ba zane, ya fita daga hannu tsaf. Abin da ya fi muhimmanci, ƙarfen ya zama mai laushi. Kun ji laushi, kada ku ɗauka katifa ce. Ma'ana ba a gasa ƙarfen ya yi tauri sosai ba, saboda haka in ya bugi wani ba ya yin tsalle da baya, shanye dukan yake. Amma fa akwai farashi: mai laushi saurin cinyewa yake. Mai harbi da ke wasa kullum zai ga ya lotsa ya ƙanƙance tun mai tauri bai ko fara tsufa ba.

Wanda bai san inda ya fi ƙarfi ba tukuna, ko yake yin duka biyun, ya ɗauki matsakaici a tauri, nauyi wajen giram 700. In kuma aljihu ba zai iya sauya ƙwallo a kai a kai ba, ɗan'uwa ka ɗauki mai tauri ka huta.

NA UKU: FILINKA

Nan ne mutanenmu na Jibiya ya kamata su buɗe kunne. Ƙasar yankin nan yashi ya yi mata yawa. A rairayi ƙwallo ba ya garawa, inda ya faɗa nan kusa yake mutuwa. Garawa daga ƙafa ba za ta yi ba, sai ka ɗaga shi sama ya sauka dab da ɗan katakon. A irin wannan fili nauyi mai yawa wahala ce kawai, ga shi yana nutsewa, zanen jiki ma bai da wani amfani sosai tunda yashin ya riga ya riƙe.

Amma in filinku marmara ce da aka daɓe, ko mai tsakuwa, labari ya sauya. Nan ƙwallo tsalle yake, dutse ɗaya ya kai shi inda ba ka aike shi ba. Mai ajiya na buƙatar nauyi da zane. Mai harbi zai ji daɗin mai laushi, amma ya sani tsakuwa cin sa take kamar gara.

Sai yanayi. Ƙarfe iri biyu ne: akwai baƙin ƙarfe, akwai wanda ba ya tsatsa. Baƙin ya fi kama hannu, wanda ba ya tsatsa ya fi santsi. Lokacin hunturu da tafi ke bushewa, mai santsi na iya zamewa. Da damina kuwa, ka bar baƙin ƙarfe da laima kwana biyu, ka zo ka tarar ya yi ja. Maganinsa tsumma da ɗan mai bayan wasa.

NA HUƊU: KADA A SAYAR MAKA DA ƘYALLI

Akwai masu arha da ke zuwa shida ko takwas a jaka, suna walƙiya kamar madubi. Na nishaɗi ne, ba a shiga gasa da su. Da yawansu siririn ƙarfe ne aka cika da yashi don ya yi nauyi, kuma doka ta hana ƙwallon da aka ɗura wa yashi ko dalma. Na gaske cikinsa fayau yake. Kafin ka ba da kuɗi, yi abu huɗu:

1. Duba jiki. Dole a ga sunan kamfani, kamar Obut, da nauyi, an sassaƙa su a ƙarfen, kuma lambar da ke kan ukun ta zama iri ɗaya.
2. Girgiza shi a kunne. In ka ji wani abu na motsi, ajiye.
3. Ɗora a sikeli. Abin da aka rubuta ya zo daidai ko kusa da abin da sikeli ya nuna.
4. Gara shi a daɓen siminti mai kyau. In yana karkata gefe guda kullum, ba a daidaita shi ba.

Na hannu ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi sabon bogi. Amma in rubutun ya goge har ba a karantawa, alƙalin wasa na da ikon hana ka shiga da shi. Kuma don Allah kada wanda ya sa ƙwallo a wuta wai zai tausasa shi. Doka ta hana, sannan rufaffen ƙarfe in ya yi zafi yana iya fashewa ya ji wa mutum.

Shawarata ta ƙarshe: kafin ka saya, je inda ake wasan ka roƙi aro. Jefa na wannan, jefa na wancan, mako biyu ko uku. Hannunka da kansa zai faɗa maka lambarsa, sannan ka nufi wurin ɗan canji.

Ku faɗa mana, filinku yashi ne ko tsakuwa, kuma kai mai ajiya ne ko mai harbi? Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.