Jawabi Kan Lokacin Barbarar Bisashe

Maganata a yau kan neman sa ce, da yadda ƙirgen kwanaki yake tsare wa mutum dukiyarsa.

Saniya mai lafiya wadda ba ta da ciki tana neman sa duk bayan kwana 21, wani lokaci 18, wani lokaci har 24. Amma neman ba ya daɗewa. A shanunmu masu tozo sau da yawa bai wuce wuni ɗaya ko dare ɗaya ba, kuma yakan faɗo cikin dare. Shi ya sa a riƙa duba garke da asuba kafin tatsa, a kuma duba da almuru.

Alamun kun san su. Za ta yi ta kuka, ta rage cin ciyawa, nononta ya ragu, tana hawan 'yan'uwanta, farin ruwa mai yauƙi yana zubo mata. Alamar da ba ta ƙarya ita ce a hau ta ta tsaya cik. Ɗan jinin da ake gani a wutsiya bayan kwana 2 yana nuna neman ya wuce ne kawai, ba ya nuna ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba.

To, ranar da bijimi ya hau ta, a riƙe ranar, ko da ƙulli a igiya ne. In ta sake nema bayan mako 3, ba ta ɗauka ba. In ta yi haka har sau 3, a kai ta wurin likitan dabbobi, a duba bijimin shi ma. In ɓari ya yawaita a garke a yi zargin bakkale, kuma a tafasa nono kafin a sha, domin cutar tana kama mutane.

Cikin saniya wata 9 ne da 'yan kwanaki. Wadda aka barbara da kaka, cikin Satumba ko Oktoba, za ta haihu farkon damina, ga ɗanyar ciyawa ga nono. Wadda ta ɗauka cikin Yuli kuwa za ta haihu tsakiyar bazara, uwa a rame, maraƙi a wahale.

Akuya ita ma kwana 21 ne, tana kaɗa wutsiya tana bin bunsuru. Tunkiya kwana 17, kuma ba ta cika nuna alama ba sai akwai rago kusa. Cikinsu duka wata 5.

Jama'a, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saniyar da yunwa ta cinye ba ta neman sa. Kafin a ce mata juya a kora ta kasuwa, a ba ta dusa, harawa, angurya da gishiri. Ku kuma dillalai, ku tambayi ranar barbara kafin ciniki. Duk wanda ya kai saniya mai ciki mahauta, rai biyu ya sayar a kuɗin ɗaya.

Allah Ya albarkaci garkenmu, Ya ba mu damina mai albarka.