Wa Zai Ɗauki Nauyin Albashin Malami? Jawabin Baƙo Mai Jawabi a Taron Shekara-shekara na Ƙungiyarmu



Mai girma Shugaban taro, Shugaban makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, jama'a baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Da farko ina neman afuwar malamaina da ke zaune a sahun gaba, domin tsayawa a gabansu a yi jawabi ba ƙaramin aiki ba ne. Amma da kwamitin shirye-shirye ya ba ni zaɓin abin da zan yi magana a kai, sai na ga babu abin da ya fi cancanta kamar maganar da muke ta jayayya a kanta tun taron bara, wato shin Gwamnatin Tarayya ce ya kamata ta ɗauki nauyin ƙarin albashin malamai, ko kuwa a bar wa jihohi da ƙananan hukumomi kayansu?

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne, kwanakin baya na je wani ofis, sai na iske malamin da ya koya mana lissafi a aji 3 yana tsaye cikin layin tantance 'yan fansho, rana ta take, yana riƙe da takardunsa cikin leda. Na durƙusa na gaishe shi, ya kira sunana da lambata ta makaranta bai yi kuskure ba. Wallahi ranar nan kunya ta hana ni barci.

To, mu koma tarihi. A shekarar 1976 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta, wato UPE, ta kuma ɗauki nauyinsa. Da kuɗin mai suka ja baya, sai nauyin ya koma kan jihohi da ƙananan hukumomi, malamai suka shiga bin bashin albashi na watanni. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa, Tarayya ta ɗauki kashi 65 cikin ɗari na albashin malaman firamare, albashi ya daidaita. A 1991 aka rushe hukumar aka mayar wa ƙananan hukumomi, sai bashi da yajin aiki suka dawo. A 1993 aka sake kafa ta, aka riƙa cire kuɗin malamai tun daga tushe kafin a raba kason wata. A 2002 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa irin wannan cirewa daga asusun tarayya ta saɓa wa tsarin mulki. Kun ga ke nan, ana ta cilla malami daga hannu zuwa hannu kamar ƙwallo.

Masu cewa Tarayya ta biya suna da hujja. Na ɗaya, ita ke ɗaukar kaso mafi tsoka a asusun tarayya, kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Na biyu, dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya domin ilmin matakin farko, amma galibin kuɗin nan na gini ne da kujeru da littattafai da horaswa, ba na biyan albashin wata ba. Don haka sai ka ga aji sabo fil, an shafa masa fenti, amma malamin ya tafi acaɓa neman abin cefane. Na uku, Tarayya ce ke yin alkawari a bainar jama'a. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi shelar tsarin albashi na musamman ga malamai, da ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Maganar ritaya ta zama doka a 2022. Maganar albashi kuwa, malaman da ke cikin zauren nan su ne za su gaya mana abin da ya shigo aljihunsu.

Su ma masu ɗaya ra'ayin ba maganar banza suke yi ba. Suna cewa tsarin mulkin 1999 ya sa ilmin firamare cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke da hannu a ciki, makarantun sakandare irin tamu kuwa na jihohi ne, Tarayya nata su ne makarantun haɗin kan ƙasa. Wanda ya ɗauki ma'aikaci, in ji su, shi zai biya shi. Suna kuma tambaya, yaya wanda ke zaune Abuja zai san malamin da ya shiga aji da wanda sunansa kaɗai ke cikin takardar albashi? Sannan suna tunatar da mu cewa akwai jihohin da suka bar kuɗinsu na UBE jibge shekara da shekaru, saboda sun kasa zuba nasu rabin da doka ta gindaya. Wanda bai ɗauki abin da aka ajiye masa ba, in an ƙara masa me zai yi da shi?

To, ni ga inda na tsaya. Kowane ɓangare yana da rabin gaskiya, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Jiha da ƙaramar hukuma su ci gaba da biyan ainihin albashi, domin su suka ɗauki malamin. Ita kuwa Tarayya ta ɗauki nauyin ƙarin, ta hanyar doka ba ta hanyar jawabi ba, kuma kuɗin su tafi kai tsaye asusun bankin malami, kada su kwana a hannun kowa. A gindaya sharuɗɗa 2: jihar da ake bin ta bashin albashi ba za ta shiga ba sai ta biya, malamin da ba shi da rajista da Hukumar Rajistar Malamai, wadda aka kafa tun 1993, shi ma ba zai shiga ba. Dalilina shi ne abin da muka gani da idonmu. A 2008 ƙungiyar malamai ta NUT ta yi yajin aiki na makonni, gwamnoni suka amince da ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari, amma aka kwashe shekaru wasu jihohin ba su biya ba. A 2025 ma malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun shafe fiye da wata 3 suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. In haka ta faru a ƙofar gidan Shugaban ƙasa, ina ga ƙauyukanmu?

'Yan'uwa, a zauren nan akwai 'yan majalisa, akwai manyan sakatarori, akwai alƙalai da likitoci. Dukkanmu alli ɗaya ya rene mu. Mu daina cewa ladan malami yana lahira, domin mai gidan haya ba ya jira sai lahira. Ina roƙon ƙungiya ta kafa kwamiti ya rubuta takarda zuwa ga wakilanmu na majalisar jiha da ta Tarayya, mu kuma buɗe asusun kula da lafiyar tsofaffin malamanmu tun kafin mu watse yau, ba sai mun jira gwamnati ba.

Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, Ya sa Aljanna ce makomarsu. Waɗanda ke raye, Allah Ya ƙara musu lafiya, su yafe mana ƙuruciyar da muka yi musu. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.