Jawabin Shugabar Mata: Hutu Ma Horo Ne

Iyayena da 'yan'uwana mata na Gusau, Tsafe da Bungudu.

Ke mai motsa jiki da ɗaga nauyi, saurara. Tsoka sai kin huta take gyara kanta ta ƙara ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla kwana 2 a mako, to ba sai kullum ba. In kin yi Litinin, bari sai Laraba. Daka da jidon ruwa ma aikin ƙarfi ne, ranar ki sassauta. Ki samu barcin awa 7, ki ci wake da ƙwai. In gwiwa ko baya ya riƙe, dakata ki je asibiti, kin ji ko?

Zagayen gida-gida na tafe, muna son ki da lafiyarki. A tura wa saura.