Ƙuma da Kaska a Jikin Ɗan Kyanwa



Yawancinmu mun tashi da kyanwa a gida saboda ɓera, amma ba mu cika kula da 'ya'yanta ba. Abincin ƙuma jini ne, ɗan kyanwa kuwa jininsa bai taka kara ya karya ba. Idan suka yi masa yawa, sai dasashinsa ya yi fari, har ya mutu.

To, yaushe za mu fara magani? Galibin magungunan da ake ɗigawa a ƙeya sai ya cika mako 8. Kafin nan, mu riƙa taje shi da mataji mai ƙananan haƙora, mu wanke shimfiɗarsa da ruwan zafi, kaska kuma mu cire ta da hantsaki. Maganin kare mai permethrin kuwa, kada ma ya kusance shi, domin guba ne ga kyanwa.